Mushe Mutari da Ƙwayar da Ba a Samu Ba

Na riga na yanke yadin anko, na ɗinka fiye da rabi, sannan labari ya iske ni cewa Mutari ya fasa. Ba aure ya fasa ba, yana da matarsa Nafissa da 'ya'yansu. Abin da ya fasa shi ne tsayawa gaban manyan malaman jami'a ya kare littafin bincikensa, abin da mu a Yamai muke kira sutanans, wanda daga shi sai a fara ce wa mutum dakta. Shekara da shekaru yana wannan aiki, ga rana an sa, ga mahaifiyarsa ta riga ta zo daga Tasawa, shi kuma ya ce ba za shi ba.

Sunana Ladi, ina da shagon ɗinki a bakin kasuwar Lazare. Mutari ɗan gwaggona ne, yayar babana, wato taubashina. Ni 'yar namiji, shi ɗan mace, saboda haka bawana ne, ko da yake in ka tambaye shi zai rantse ni ce baiwar. Tun muna yara nake da izinin faɗa masa abin da ko matarsa ba za ta faɗa ba, kuma ban taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba.

A Tasawa Don-mi ake kiransa. Don mi wata yake bin mu in muna tafiya? Don mi randa take sanyaya ruwa alhali a wuta aka gasa ta? Ya sha ranƙwashi a kan tambaya har kansa ya saba. Da ya ci jarrabawar fita daga lise, wato babbar sakandare, sai ya zo Yamai, ya haye gada zuwa jami'a a Lamorde, ya karanta fisik, ilimin nan na yadda abubuwa suke motsi da abin da aka yi su da shi. Daga nan gwamnati ta yi ta jefa shi gari gari yana koyarwa, Dakwaro, Gaya, har aka dawo da shi Yamai da furfura a gemu. Siriri ne, da madubin ido, wandonsa kullum da farin alli a cinya inda yake goge hannu. Yana da wata tsohuwar moto, wato babur, wadda rabin tafiyarta turi ne. Ɗalibansa suna tsoronsa a aji, amma a hanya su ne masu tura masa moton. Mushe Mutari ke nan, don mu nan mushe muke ce wa malamin makarantar boko. Da ya tsaya a haka da babu wanda zai ce ya gaza.

Sai da ya haura arba'in ya koma jami'a ya sake zama ɗalibi. Da safe ya koyar, da yamma ya zauna gaban ordinate, wato kwamfuta, yana lissafi, in wutar kuran ta ɗauke ya koma kan takarda. Na ce masa tsufa ne ya zo masa ta kai. Ya ce ni nawa ta baki ya zo.

Wata rana ya kawo mini wando in rage masa tsawo, aka ɗauke wuta, keken ya tsaya. Na ce tunda zaman banza muke, ya gaya mini abin da ke cinye masa rai. Ya ɗauki allin da nake shata yadi da shi, ya ja layi uku a kan teburin yanka.

"Ɓaraka ukku ce cikin saninmu," in ji shi. "Ta hwarko, taurari suna juyi cikin garkunansu da gudun da ya kamata ya watsa su. Ba su watse ba. Ke nan akwai wani abu mai nauyi da ke riƙe da su, wanda ba ya ba da haske, ba ya maido haske. Kuma ya ninka dut abin da muke gani kamar sau biyar."

"Aljanu," na ce.

"Ta biyu," ya ci gaba kamar ban yi magana ba, "akwai wata 'yar ƙwaya, nutirino. Rana tana zubo ta ba iyaka, yanzu haka tana ratsa ki, tana ratsa ƙasa ta hita ta wancan gefe, ba ki ji ba. Tsohon lissahi ya ce ba ta da nauyi ko kaɗan. Da anka auna sai anka iske tana da shi, ɗan mitsitsi, kuma ba a san inda ta samo shi ba."

"Ta ukku fa, bawa?"

"Ta ukku ke ce. A hwarkon halitta kowane abu ya zo da akasinsa, daidai wa daida. In sunka haɗu sai su cinye juna, haske kaɗai shi rage. Da haka ta tahi har ƙarshe, da babu ƙasa, babu kogi, babu Ladi. Amma an samu ɗan rinjaye, kamar ɗaya cikin miliyan dubu. Wannan ragowar ita ce komi da kowa."

Na ce ashe duk girman kan da muke yi ƙyallen da ya saura ne bayan an gama yanka. Na kuma ce masa amsar ai a fili take, Allah ne ya so.

"Ƙwarai kuwa," ya ce. "Ke in anka kawo maki riga mai kyau, ba juya ta kike ki ga ɗinkin ta ciki ba? Ni ma cikin nike son gani."

Wannan ta shige ni, amma ban nuna masa ba.

Abin da yake nema shi ne zare ɗaya da zai ɗinke ɓarakar nan uku. Ya ce ba shi kaɗai ba ne, akwai masu irin wannan nema a ƙasashe da yawa, kowa da nasa zaren. Nasa wasu ƙwayoyi ne 'yan gida ɗaya da ba a taɓa gani ba. Manyan masu nauyi ne ƙwarai, sun rayu ɗan ƙiftawar ido a farkon halitta suka farfashe, kuma wajen farfashewar suka ɗan karkata gefe ɗaya, shi ne aka sami rinjayen nan. Su ne kuma suke ɗan ara wa nutirino nauyinta. Autarsu ita ba ta fashewa, tana nan har yau ta cika sararin sama, ita ce abin da ke riƙe da taurari. Lissafinsa ya faɗi nauyin autar, ya kuma faɗi yawan yadda ya kamata ta riƙa karo da abubuwan da muke taɓawa. Idan yana maganarta fuskarsa takan saki kamar mai ba da labarin 'yarsa. Har Nafissa ta saba, in ya makara wajen cin abinci sai ta ce yana wurin auta.

To a Yamai sutanans biki ne. Mai shi yana can yana fama da malamai, dangi suna nan suna fama da tukwane. Ana fitar da anko, a yi dambu da shinkafa, a ɗauko mai hoto, a cika ɗakin taro da mutanen da ba su san ko da wane harshe ake magana ba. Da aka sa rana ni na zaɓi yadin, shuɗi mai ɗigon fari. Gwaggo Madina, mahaifiyarsa, ta hau kar, babbar motar fasinja, daga Tasawa da ciwon gwiwarta, ta zo da wuri don ta huta kafin ranar. Ta taho da maƙwabciyarta Zuwera, wadda duk unguwarsu ba a ɗaura aure ko a raɗa suna ba tare da guɗarta ba.

Ana cikin haka Nafissa ta zo shagona ido ya faɗa. Ta ce wani sakamako ya fito daga ƙasashen waje, tun ranar Mutari bai ci abincin kirki ba. Ya ce ya fasa, a gaya wa mutane. Ba ya iya haɗa ido da Gwaggo, in ya tashi daga lise ba ya dawowa gida sai magariba, can lambunan Gamkalle yake tafiya ya zauna. Ta ce ita ta yi magana ta gaji.

Na rufe shago da la'asar na tari taksi. Na same shi a bakin kogi, zaune kan wani bulo tsakanin fangalin salak da na kabeji, moton tana jingine da bishiya. Masu lambu suna ta kai da kawowa da butocin ban-ruwa, ba wanda ya kula shi.

"Bawa," na ce, "wa ya ba ka izinin mutuwa ban sani ba?"

Bai rama ba. A nan na san abin ya kai inda ya kai, don Mutari bai taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba. Na ji tausayinsa har cikin raina. Na zauna a gefensa.

Can ya ce, "Akwai wata ƙatuwar randa da masana sunka girke ƙarƙashin dutse, can ƙasa inda hayaniyar sama ba ta kai. Sun cika ta da wani ruwa na musamman, sun zuba mata ido shekaru, suna jiran abin nan da ba a gani shi yi karo da ita. Yanzu sun hiddo sakamako. Ba su ga komi ba."

"Ai dama ka ce ba a ganinta."

"Ba a ganinta, amma in ta yi karo ana sani. Da auta tana da nauyin da na ce, tana karo yadda na ce, da sun kama ta ba sau ɗaya ba. Wurin da na aje ta sun share shi tas, Ladi. Ba ta nan."

Na tambaye shi abin da Farfesa Dauda ya ce, malamin da ke duba aikinsa.

"Ya ce in zo. Ya ce lissahina daidai yake, duniya ce ba ta bi ta nan ba. Wai nuna ma mutane hanyar da ba ta ɓullewa shi ma aiki ne. In ƙara babi ɗaya in hwaɗi gaskiya."

"To mi ya rage?"

"Inna." Ya tsinke wani ganye yana murzawa. "Za ta zamna ta ga ana murna. Ta koma Tasawa mutane su yi ta zuwa yi mata barka, wai ɗanta ya gano wani abu a sama. Barka da abin da babu."

"Gwaggo ba ta jin Faransanci," na ce. "Ka hwaɗi taka da Faransanci, mu ci dambunmu, kowa shi kama gabansa."

Ya juyo ya dube ni ta saman madubi. "Shi ne abin da ya hi ci mani rai."

Ni ba malama ba ce, ba ni da wata hikima da zan ba shi. Abin da nake da shi taubasantaka ce, ita na yi amfani da ita. Na tashi na zare makullin motonsa na jefa a jakata, na ce sai a ƙofar ɗakin taro zai karɓa. Taubashi in ya ƙwace maka abu ba ka da kotun da za ka kai ƙara. Na tambaye shi yara nawa ya ba zero don sun ƙi zuwa jarrabawa. Na kuma yi masa alkawarin cewa duk bikin da aka yi a dangi daga yau har ɗayanmu ya mutu, sai na tashi na ba da labarin mushen da ya gudu daga jarrabawarsa. Ya ce ni annoba ce. Na ji daɗi, don ko ba komai bakinsa ya dawo. Na bar shi nan da moton da ba makulli, ban san yadda ya kai ta gida ba.

Ban san wanne ya yi aiki ba, maganar Farfesa ko tawa ko tunaninsa shi kaɗai. Bayan 'yan kwanaki Nafissa ta kira ni ta ce ya koma kan ordinate yana rubuta sabon babin. Amma ya kafa sharaɗi: ba kiɗa, ba guɗa, ba ko tafi, sai malamai sun yanke hukunci. Na je har gida na gaya wa Zuwera ta jira sai na ɗaga mata hannu.

"Ke yarinya," ta ce, "ni za ki koya ma guɗa? Na je irin wanga taro a Maraɗi, na ɗiyar ƙanena mai aikin likita. Na san lokacin."

Ranar ta zo. Na ba shi makullinsa a ƙofa, ya karɓa ya shige. Ɗakin ya cika maƙil, ɗalibansa na lise sun tsaya a baya jikin bango, mu 'yan anko mun yi shuɗi a tsakiya. Cunkoso ya raba ni da Zuwera, ita da Gwaggo aka ba su kujerun gaba, ni na samu wuri can gefe bayan wani dogo. Malaman suna zaune a dogon tebur da manyan rigunansu, ɗaya kuma daga wata ƙasa yake kallo ta allon bango.

Mutari ya fara. Na yi lakwal, makarantar boko, har kwaleji kafin in kama ɗinki, saboda haka ina tsintar Faransanci, ko da yake nasa na ranar ya fi ƙarfina. Amma na gane hanyar, don ita ce ya shata mini a teburin yanka: ɓaraka uku, 'yan gida ɗaya, auta. Muryarsa a daidaice, kamar yana aji. Ya daɗe yana bayani. Sannan ya nuna wani zane, ɗan tabo ja a tsakiya, da wani lanƙwasasshen layi a samansa. Ya ce tabon nan shi ne inda lissafinsa ya ajiye auta, layin kuma iyakar inda masu randa suka bincika a da. Ya danna ordinate, sabon layi ya fito, ya sauko ƙasa da tabon, ya bar shi a cikin yankin da aka share.

Abin da ya faɗa daga nan na ji shi sarai, don da ƙananan kalmomi ya faɗe shi. Ya ce ƙwayar da ya kawo shawara, a yadda ya kawo ta, babu ita. Ya ce ya so a ce ba haka ba ne.

Sai muryar ta maƙale. Ya cire madubinsa, ya sunkuyar da kai, ɗakin ya yi tsit. Yana da sauran bayani, na abin da ya tsira daga aikin da inda za a nema nan gaba, numfashi kawai yake nema.

Zuwera kuwa ta ga mutum ya yi dogon jawabi, ya yi shiru, ya tuɓe madubi, ya sunkuya. A Maraɗi a nan aka gama. Ta miƙe ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, irin wadda ake ji daga wata unguwa. Matanmu masu anko suka amsa mata gaba ɗaya. Ina ta ɗaga hannu ina yarfawa a bari, su kuma suka ɗauka alamar da na yi alkawari ce, suka ƙara ƙaimi. Shugaban malaman yana buga tebur. Bature na allon bango ya matso da fuskarsa yana tambaya ko lafiya.

Na dubi Mutari. Kafaɗunsa suna rawa, na ce shi ke nan, mun kashe shi. Da ya ɗago sai na ga dariya ce ta ci ƙarfinsa, har da hawaye. Ya goge ido da bayan hannu, ya mayar da madubi, ya ce da Hausa, "Da saura, Iya Zuwera. Da saura."

Ya ƙarasa bayaninsa da murya sake. Malaman suka yi masa tambayoyi har na fara jin yunwa, wani ma kamar da faɗa, shi kuwa yana amsawa, inda bai sani ba ya ce bai sani ba. Suka fita shawara, suka dawo, aka ce kowa ya tashi tsaye. Shugaban ya karanta hukunci, ya ce daga yau Mutari dakta ne, ya kuma yaba masa a kan babin ƙarshe. Ɗalibai suka ɓarke da tafi. Matanmu kuwa, da yake an harare su ɗazu, ko tari babu wadda ta yi. Na ɗaga wa Zuwera hannu har ya gaji, ta kau da kai, ta yi fushi.

A waje aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bishiyoyi, aka buɗe kwanonin dambu. Gwaggo tana zaune a kujera saboda gwiwa. Mutari ya zo da sabuwar rigar da malamai suka sa masa, ya durƙusa a gabanta. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, ba ta kuma yabonsa a gaban mutane.

"Kai," ta ce, tana kallon gefe. "Mi kac ce masu lokacin da ka tuɓe madubi? Na ji muryarka ta mutu."

Na yi masa ido ya bar maganar. Bai ko dube ni ba.

"Inna, na ce masu abin da nike biɗa dut shekarun nan, ba ya wurin da na ce shina."

"Ba ka samu ba ke nan."

"Ban samu ba."

"Su sunka tono ka, ko kai ka hwaɗa?"

"Sun sani. Amma ban jira sun tambaya ba."

Gwaggo ta daɗe tana gyara bakin mayafinta. Mu duka mun tsaya da cokula a hannu.

"Zuwera," ta ce, "ashe ba ki yi kure ba, wurin da kinka yi guɗar nan ya dace. Ni kin san ba ni da bakin yi mashi. Tashi ki ƙara."

Zuwera ta ajiye kwanonta ta miƙe. Gwaggo ta juya fuska tana kallon motocin da ke wucewa a titi har aka gama, amma hannunta yana kan Mutari, bai kuwa tashi daga durƙuson ba.